Almakashin Hagu da Rigar Yaya

Ni bahaguwa ce. A gidanmu a Maradi ba a faɗin wannan, kamar yadda ba a faɗin cewa hannun daman yayana ya fi na hagunsa gajarta. Kowa ya sani, kowa kuma ya kawar da kai. Ina ƙarama Inna ta sha ɗaure mini hannun hagu da ɗankwali a baya, har na koyi cin tuwo da karɓar abu da dama, amma da zarar an ba ni allura ko wuƙa sai hagun ya miƙa kansa. Shi kuwa Yaya daga kan jaki ya faɗo tun kafin a haife ni, maɗori ya ɗora, ƙashin ya kama a karkace. Hannun yana da ƙarfi, yana ɗaga abin da wasu masu hannu lafiyayye ba sa iya ɗagawa, sai dai ba ya miƙewa sarai, kuma ya gaza ɗan'uwansa da kamar faɗin tafi. Duk rigar da ya sa sai ya naɗe hannun dama. Ban taɓa jin wani a gidanmu ya tambaye shi dalili ba.

Aure ne ya kawo ni Yamai. Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, aka turo shi nan, muka kama ɗaki a wani gidan haya a Gamkalley, kusa da lambunan bakin kogi. Yaya ya riga mu zuwa da daɗewa. Makanike ne a garejin da ke gyara manyan motocin dakon hatsi, yana da ɗan ɗaki a unguwar Maourey, bai yi aure ba tukuna. Zamanin soja ne, lokacin da ma'aikaci ke fita gida da sassarfa don kada a same shi da makara, mutane kuma suke rage murya idan hira ta karkata wajen gwamnati. A kan haka sai damina ta ƙi. Kogi ya yi ta janyewa har yashi ya fito a tsakiyarsa, masu lambu suna bin ruwa da gwangwanaye suna dawowa a gajiye. Mutanen karkara suka cika gefen gari da 'yan bukkokinsu. Albashin maigidana kuwa tun kafin ya shigo hannunsa ana jiransa a ƙauyensu. Shi ya sa na shiga koyon ɗinki a gidan koyar da mata sana'a na unguwarmu.

Keken ɗinkin ma Yaya ne ya samo mini, tsohon keke na ƙafa wanda wani tela ya fid da rai da shi. Ya wargaza shi a tsakar gidanmu, ya wanke kowane ƙarfe da kalanzir, ya mayar, keken ya tashi yana gudu kamar bai taɓa ciwo ba. Daga nan kyautarsa ta kama hanya ɗaya. Yaya ba ya kawo tsaraba irin ta mutane, bai taɓa kawo mini turare ko zane ba. Zai zo ranar Lahadi, ya zauna a tabarma a ƙofar ɗaki, ya sha fura, yana hira da maigidana a kan ƙwallo da tsadar gero, idonsa kuma yana kan aikina. Wata Lahadin sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu, kuma abin nan shi ne daidai wanda nake bukata, wani lokaci ma tun ban san ina bukatarsa ba.

Da ya ga ina zuba wa keken man gyaɗa sai ya dawo da man inji a kwalbar maganin tari, ya huda murfin ya sa siririn bututu yadda zai riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya. Tsakar gidan yashi ne, allura na faɗuwa ta ɓace, har wata ta taɓa sukan 'yar maƙwabciyata a ƙafa, muka kwana biyu ba ma gaisawa sosai. Sai ga Yaya da maganaɗisu da ya ciro daga matacciyar rediyon mota, ya ɗaura masa igiya, ya ce in riƙa ja a ƙasa idan na tashi aiki. Lokacin da igiyar keken ta tsinke an rufe iyaka, kayan keke sun yi wuyar samu, na yi kwanaki ina juya shi da hannu. Ya bi motocin hatsi zuwa Tahoua ya dawo da igiyar fatar raƙumi da ya sa baduku ya murza mini. Ya ce fata ta yi arha a can, bai ƙara komai a kai ba, ni ma na san dalili, dabbobi ne ke ta mutuwa. Har buhunan gari na yadi yake tara mini, in wanke in koyi yanka a kansu, in ɗinka wa yaran gida 'yan kamfai.

Yanka ne dai ya ƙi ni. Matar da ke koya mana, wadda muke kira Madam, ba ta yarda a riƙe almakashi da hagu a gabanta ba. Idan na yanka da dama, layi ya karkace. Idan na dawo gida na yanka da hagu, almakashin ya yi ta tauna yadi, ga maƙallinsa yana cin babban yatsana har ya yi bororo, bororon ya fashe ya zama kanta. Na ɗauka haka Allah ya yi ni, mai mugun hannu a yanka.

Ga kuma aro. Wanda bai zauna gidan haya ba bai san aro ba. Mai gidan, wata tsohuwa Bazabarma mai kirki da yawan magana, tana leƙo ɗakina tun da safe.

"Fofo, matar mushe. Ba ni sizo naki, yanzu-yanzu ina kawo."

Fofo gaisuwar Zabarmawa ce, mushe kuma malamin lakwal, sizo shi ne almakashi a bakin mutanen Yamai, yanzu-yanzun tsohuwa kuwa yana iya kai la'asar. Da almakashina ake yi wa yara aski, da shi ake gyara lagwanin fitila, da shi ake datse ƙayar kifin da masunta ke kawowa. Wata rana ma na same shi a lambu, ana yanka roba da shi. Ba a hana aro, musamman a shekarar da kowa ke bukatar kowa. In na hana almakashi yau, gobe da wane ido zan je neman garwashi ko turmi? Sai in miƙa ina murmushi, ina tafasa a ciki, ya dawo mini da ƙarnin kifi da dakusasshen baki.

Wata Lahadi Yaya ya zo da wani abu a naɗe cikin takardar siminti. Ya ajiye a kan keken ya koma tabarmarsa. Na buɗe, sai ga almakashi baƙi, mai nauyi, mummuna, duk sawun guduma a jikinsa. Na yi godiya dai don ladabi.

"Gwada shi, Auta," in ji shi. "Da hannun da kika saba."

Na ɗauko buhun gari na shimfiɗa, na sa hagu. Almakashin ya bi yadin nan shar, tun daga wannan baki har wancan, ba tauna ba gardama, kuma ina ganin layin allina a fili gaban bakinsa. Na sake yankawa. Na yanka da'ira, na yanka wuyan riga. Buhun nan sai da na mayar da shi tsumma.

"Yaya, ina ka samo wannan?"

"Wani maƙeri a kasuwar Katako ya ƙera shi da ƙarhen sifirin mota. Na hwarko da ya yi, irin na kowa ya yi, na maida mishi. Na ce bakin da ke bisa ya koma ƙasa, na ƙasa ya dawo bisa. Ya ce shi tun kakansa ba a yi haka ba, in tahi in gyara wa mai shi hannu. Na ce mishi ƙanwata bahaguwa ce, hannunta lahiya lau yake, ƙarhen ne za a gyara."

Maigidana ya yi dariya ya tambaye shi yadda aka yi ya gano haka. Yaya ya ce ai shi rabin aikinsa a gareji da hagu yake yi, ya daɗe da sanin cewa almakashi na masu dama ne. Ya faɗi haka yana kallon ƙwaryar fura. Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa ke nan da ya kusanci zancen hannunsa.

Ni kuwa kalmar nan ce ta tsaya mini a rai. Tunda nake ban taɓa jin an ce mini bahaguwa ba sai da tsawa ko da ba'a. Ran nan na ji ta a bakin yayana kamar ya ce doguwa ce ko fara ce. Na ji daɗi ƙwarai, har na tashi na shiga ɗaki don kada su ga idona.

Da safe tsohuwa ta leƙo kamar kullum. Na miƙa mata sabon almakashin. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo tana riƙe da shi da yatsu biyu.

"Matar mushe, wannan sizo ba shi da lafiya. Ba ya cin komai. An cuci wanki."

Kafin sati ya zagayo duk matan gidan sun gwada shi sun dawo da shi, kowace tana yi mini jaje. Na ba su tsohon, na ce su riƙe shi gaba ɗaya, suka yi ta sa mini albarka. Da na ba Yaya labari ya yi dariya har da tari, ya rantse shi bai yi tunanin wannan ba. Ban yarda ba, har yau ban yarda ba. Ya dai ce, "To, yanzu ya zama naki ke ɗaya."

Da almakashin nan hannuna ya faɗa. Matan ma'aikata suka fara kawo mini atamfa, har daga unguwar Gaweye ake aiko mini da ɗinki. Abin da na fara yi da na ga na iya shi ne na ɗinka wa Yaya riga, shuɗiya, mai aljihu biyu. Ya karɓa ya yi murna, ya sa, ya naɗe hannun dama, ya tafi. Lahadi ta gaba ya zo da tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda baƙin mai ya rina, gwiwar hannunta a yage.

"Yaya, ina shuɗiyar?"

"Tana nan."

Tana nan ɗin, ashe a jikin mai gadin garejinsu take. Ta biyun da na ɗinka masa, wani makiyayi da shanunsa suka ƙare ya zo neman aikin dako, a jikinsa ta tafi. Ta uku da idona na gan ta. Ina kan gada zan ƙetare, sai ga wani mai tura kurar ruwa sanye da riga mai ruwan ƙasa. Na bi shi da sauri har na kusa taka masa diddige, ina leƙen ramin maɓalli. Ɗinkin hannun bahago yana kwanciya ne ta ɓangaren da na masu dama ba ya kwanciya, ko a cikin dubu zan gane nawa. Mutumin ya juyo ya ce, "Lafiya, Hajiya?" Na ce lafiya lau, rigar ta yi masa kyau.

Haka Allah ya yi yayana. Ba ya iya ganin mutum cikin rashi yana da abu a jikinsa. Motocin hatsi kuma kullum wajen masu rashi suke kai shi. Ba na jin haushin waɗanda suka samu, Allah ya sani. Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin da ya lura da bororon yatsana, ya lura da allura a cikin yashi, shi kansa yana yawo kamar wanda ba shi da kowa a duniya. Duk abin da ya ba ni yana nan yana yi mini aiki, ni kuwa na kasa ba shi abu ɗaya da zai kwana bakwai a jikinsa.

Ana nan sai wata 'yar kasuwa mai zuwa daga Maradi ta kawo mini saƙon baki daga Inna. Ta zauna, ta sha ruwa, ta gyara murya, ta faɗa mini yadda aka faɗa mata: "A hwaɗa wa Auta, an ce mini tana ɗumki har matan manya na kai mata. An kuma ce mini an ga wanta a tashar Konni da tsumma a jiki. In duka biyun gaskiya ne, to ban san abin da na haihwa ba." Saƙon ya yi mini zafi, don gaskiya ne duka biyun. Ga shi kuma an ce motocin su Yaya za su yi arewa idan sanyi ya shigo, a dawowa su biyo ta Maradi, zai kwana a gida.

Ina zaune ina juya almakashina a hannu dabarar ta zo mini. Shi ya ba ni abin da ba ya aruwa. To ni ma zan ɗinka masa rigar da ba ta bayuwa: riga mai dogon hannu da maɓalli a wuyan hannu, a yanka hannun dama daidai tsawon nasa, a kuma ba shi lanƙwasa a gwiwa yadda hannun yake.

Na gaya wa maigidana. Ya ajiye littattafan 'yan lakwal da yake dubawa ya kalle ni.

"Kin san abin da za ki taɓa kuwa? Mutum ya yi shekara da shekaru yana naɗe abinsa, ba wanda ya ce masa uffan, ke ki zo ki auna masa shi da zare. In ya ɗauka gori ne fa?"

Na ce shi ma ai ya faɗi nawa.

"Ke ƙanwa ce, shi wa ne. Ba ɗaya ba ne. Sannan wanda sanyi ke kaɗawa a daji, kina tsammani zai tsaya auna hannun riga? Ko hannu ɗaya gare ta zai karɓa."

Maganarsa ta biyu ta rushe mini dabara, ta farkon kuma ta sa mini tsoro. In Yaya ya ji na tona abin da gidanmu duka ya rufe, zai iya daina zuwa ranar Lahadi, kuma ba zai taɓa faɗin dalili ba, don ba halinsa ba ne. Na yi kwanaki ina ɗauka ina ajiyewa. A ƙarshe na je kasuwa wajen Maourey na sayo yadi mai kauri, ruwan toka.

Saura awo. Ba zan iya ɗora wa yayana tef a hannun nan ba, ko da wasa. Sai na ce masa ya bar mini tsohuwar rigar aikin in wanke in yi mata faci, ya ari ta maigidana ya koma da ita. Na wanke ta da toka da sabulu har ruwa ya daina baƙi, na shanya. Da ta bushe na shimfiɗa ta a kan tabarma, sai ga awon a rubuce a jikinta. Inda yake naɗewa kullum, yadin ya koɗe ya yi farin layi ya zagaye hannun. A gwiwa kuma yadin ya buɗe ta gefe ɗaya ya tattare ta ɗayan, ya ɗauki siffar hannun sarai. Na daɗe ina kallon layin nan. Tun ina yarinya nake ganin naɗin, ban taɓa tunanin cewa kowace safiya ta duniya sai ya tsaya ya yi shi ba.

Na yi alli, na yi bismillah, na sa almakashi. Hannun hagu na yanka shi yadda ake yankawa. Na dama na rage shi, na fitar da shi gida biyu don lanƙwasar ta zauna. Rigar da aka rataye ta a ƙusa abin dariya ce, kamar tela ya yi ta yana gyangyaɗi. Tsohuwa ta leƙo ta gani, ta kama baki.

"Matar mushe, kin gani? Na gaya miki wannan sizo ba shi da lafiya."

Ranar Lahadin ƙarshe kafin tafiyarsu ya zo, ya sha furarsa. Na miƙa masa tsohuwar rigar da facinta, sannan na miƙa masa sabuwar a ninke. Ya ce, "Auta, ba ki gajiya?" Ya shiga ɗaki ya sa, ya fito yana ɓalla maɓallan gaba. Sai ya kai hannun hagu kan na dama zai naɗe, yadda ya saba. Yatsunsa suka sami maɓalli zaune daidai a wuyan hannu, babu abin naɗewa.

Ya tsaya. Ya ɗaga hannun ya duba, ya lanƙwasa, ya sauke. Maigidana ya sunkuyar da kai yana gyara rediyon da ba abin da ya same ta.

"Wa ya ba ki awo?"

"Tsohuwar rigarka."

Ya gyaɗa kai. Bai ce ta yi kyau ba, bai ce ba ta yi ba. Ya ɗauki hularsa ya ce gobe da asuba za su tashi, a yi musu addu'a. Ya fita da rigar a jikinsa, bai tsaya hirar ƙwallo ba.

Tafiyar ta daɗe. Na yi ta ɗinkin mutane, ina jan maganaɗisu a yashi da yamma, raina yana wajensa. Wani lokaci in ce na kyauta, wani lokaci in ce wa ya aike ni. Kowace Lahadi ina dama fura da yawa ko da zai shigo, maigidana ya shanye rabonsa.

Ranar da ya dawo ina kan keke, na ji sallamarsa a zaure. Ban ɗaga kai na kalli fuskarsa ba, rigar na fara kallo. Tana jikinsa. Ta yi datti, aljihu ɗaya ya ɗan ɓalle, amma ita ce. Ya rame, ya yi baƙi. Ya zauna a tabarmarsa, aka gaisa, aka tambayi hanya, ya ba da labarin rijiyoyin da suka ƙafe da garuruwan da suka tarar ba kowa sai tsofaffi. Sai da ya sha fura ya kalle ni.

"Auta, kin sa na yi rowa."

Na ce wace irin rowa.

"Gaba da Abalak munka kwana wani wuri, ga wani dattijo, sanyi na kaɗa shi, ba shi da komi sai ɗan zane. Na kama maɓalli zan tuɓe. Na ɓalle na hwarko, na ɓalle na biyu, sai na ji ba ni iyawa. Tunda nike ban taɓa sa rigar da anka yi don ni ba. Duk wadda na sa, ta wani ce nike gyarawa." Ya shafa wuyan hannun. "Sai na maida maɓallina na ba shi bargo."

"Bargon da kake rufa da shi? To kai da me ka rufa?"

"Da rigar mana. Ai tana da kauri."

Na rasa ko in yi dariya ko in yi faɗa, sai na yi duka biyun. Maigidana ya ce to ai sai in fara koyon saƙar bargo mai hannu ɗaya.

Na tambaye shi Inna. Ya ce ta gan shi tun daga ƙofa ta ce yau kam ya yi kama da ɗan mutane. Da ya durƙusa gaishe ta sai idonta ya sauka a kan hannun. Ta kama shi, ta bi ɗinkin da yatsa tun daga kafaɗa har wuyan hannu, ta daɗe ba ta saki ba. Ya ce rabon da ta riƙe hannun nan tun ranar da aka kai shi wajen maɗori. Ta tambayi wanda ya yanka, ya ce bahaguwarta ce. Da zai taho ta buɗe adakarta ta ciro turmin atamfar da ta daɗe tana ajiya, ta ce ya kawo mini in ɗinka mata, kuma kada in ba kowa ya yanka, ni take so in yanka da kaina. Ya ciro atamfar daga jakarsa ya ajiye a kan keken. A ƙarƙashinta akwai ɗan dutsen wasa wuƙa da ya samo mini a hanya, don ya lura bakin almakashin ya fara nauyi.

Bayan wannan na ɗinka masa riguna da yawa a kan awon nan, har bayan ya yi aure matarsa ni take kawo wa yadinsa. Bai daina kyauta ba. Hula, takalmi, agogo, kuɗin mota, duk suna tafiya yadda suka saba, wasu daga cikin rigunan ma sun tafi, don maigidana ya yi gaskiya, mabukaci ba ya auna hannu. Ta farkon ce dai bai taɓa bayarwa ba. Ruwa ya dawo, kogi ya cika, soja suka tafi suka dawo suka sake tafiya, tana nan a wajensa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, aka zo raba kayansa, ba a sha wahala ba, don bai bar abin kirki ba. Matarsa ta kira ni gefe ta miƙo mini wani abu a ƙunshe, ta ce wannan ba ya cikin rabo, ya daɗe da cewa inda ta fito za ta koma. Na kawo ta gida na shimfiɗa a kan tabarma, kamar yadda na taɓa shimfiɗa waccan tsohuwar. Ruwan tokan ya koɗe ya kusa zama fari, wuyan ya sha faci, maɓallan ba iri ɗaya ba ne. Na duba hannun dama daga sama har ƙasa. Bakinsa ne kawai ya cinye, kamar na rigar kowa. Babu layin naɗi ko ɗaya.